Burugun Tungar Maikada

Da hantsi labari ya iske Maiwada a ƙofar gida, wai saniya ta faɗa tafki. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya sunkuci mashin sarauta daga bayan ƙyaure, ya bi hanyar fadama da saurin da bai dace da mai furfura ba. Matarsa Batulu tana ta kira ya dawo ya kurɓi kunu, ko waiwaye bai yi ba. Abu ɗaya yake maimaitawa a ransa: Allah ya sa ba ta kai ga burugu ba.

Maiwada shi ne Sarkin Ruwan Tungar Maikada, wani ƙauyen masunta a fadamar Bakura. Wanda bai san tafkin garin ba kafin a datse gulbi a Bakolori, in ka ba shi labari sai ya ce ƙari kake yi. Kowace damina gulbi yakan cika ya batse, ya malalo fadama, ya shiga tafkin har sai ruwa ya taɓa gindin gawo. Tare da ruwan nan burugu yake tashi, wata ciyawar ruwa mai gaɓa-gaɓa, mai zaƙi kamar takanɗa. Ruwa na hawa yana hawa, har ya yi duhun da jirgi ba ya iya ratsawa. A cikin duhun nan kifi yake hayayyafa. Bargi ya yi sheƙa, tarwaɗa ta zuba ƙwai, ƙananan su girma ba tare da tsuntsu ya gan su ba. In rani ya yi ruwa ya janye, shanun Fulani su sauko su ci abin da ya rage har jikinsu ya yi sheƙi.

Da aka gama ginin dam, gulbi ya daina bin damina ya koma bin masu buɗe ƙofa. Ambaliya ta ɗauke ƙafa. Tafki ya riƙa tsukewa shekara da shekara, burugu ya bushe a tsaye, dabbobi suka cinye shi har saiwa, kifi kuma ya koma ɗan abin da ba ya cika tafin hannu. Masunta da yawa suka rataye homa, komarsu ta kamun kifi, suka tafi leburanci Talata Mafara. Maiwada ya ƙi tafiya, kuma shi in ya ƙi abu, to ya ƙi. Bara, damina na gab da ficewa, ya bi gulbi ƙasa har fadamun Sakkwato, ya yanko burugu mai rai ya naɗe a jiƙaƙƙiyar tabarma. Wani tsohon makiyayi abokinsa, Bappa, shi ya ba da takarkarin da ya ɗauko kayan. Maiwada ya dasa shi gaɓa-gaɓa da hannunsa a kusurwar gabas, inda ruwa bai taɓa ƙafewa ba, ya shinge bakin wurin da ƙaya, sannan ya tara gari ya ɗaure tafkin.

Ɗaurin tafki a Tungar Maikada ba wasa ba ne. Sarkin Ruwa yakan kafa sanda da kaba a gaɓa, daga ranar babu ƙafar ɗan Adam da za ta taɓa ruwan. Mata su koma rijiya, shanu su sha a mashaya ɗaya da aka ware musu ta ɓangaren yashi. Masuncin da ya shiga, a ƙone homarsa a bainar jama'a, kuma shi da tafkin har abada. Makiyayin da ya shiga, a rufe wa rugarsu mashaya. Kwance ɗaurin kuwa ba ya bukatar ganga ko shela. Ranar da Sarkin Ruwa ya taka ruwan da ƙafarsa, to su, wato kamun kifin gayya, ya buɗe, kowa ya auka da homarsa. Haka kakanni suka bari, haka ake yi.

Yanzu ana tsakiyar bazara, kuma burugun ya rayu. Daga gaɓa ana hango shi kore shar, ɗan fili ne da bai wuce faɗin masallacin unguwa ba. Abin da yake bukata shi ne a ƙyale shi har ruwa ya zo. Habila, wani ma'aikacin magudanan ruwa da ke zaune a Talata Mafara, wanda ya saba zuwa sayen busasshen kifi, ya taɓa gaya wa Maiwada cewa in damina ta kankama dam ya cika, dole a saki ruwa a gulbi. Bai ce ga rana ba, don shi ma ba a hannunsa ƙofar take ba. In ruwan ya iske burugu da rai, zai bazu ya rufe tafkin kamar da. In kuwa aka yi su kafin nan, ƙafafun gari guda suka bi ta kansa, ko gaɓa ɗaya ba za ta tsira ba. Maiwada ya san gwiwoyinsa ba za su sake kai shi fadamun Sakkwato ba.

Gari kuwa yunwa yake ji. Rumbuna sun yi wayam, ga baƙi daga wajen Maradun waɗanda ruwan dam ya cinye gonakinsu, sun sauka wurin dangi. Ruwan tafki ya tsuke ya tara ɗan kifin da ya rage wuri ɗaya, da rana tsaka har ka ga suna tsalle. Mutum ya kwana da ruwan kanzo a cikinsa, ya fito ya ga tarwaɗa na wutsil-wutsil a gabansa, sannan a ce masa ya yi haƙuri saboda ciyawa. Maiwada bai ga laifinsu ba, amma bai kwance ba.

Da ya iso bakin tafki ya tarar wuri ya cika. Abin da idonsa ya fara faɗawa a kai ba saniyar ba ce, homa ce. Kusan kowane namiji yana saɓe da tasa, wasu har da gorar zuba kifi. An ce da mutane saniya ta faɗa ruwa, su kuma maimakon igiya suka ɗauko homa, ai sun gama faɗin abin da ke ransu.

Saniyar ja ce mai manyan ƙahoni. Ta karya shingen ƙaya ta miƙe wurin kore, taɓo ya riƙe ta har ciki, daidai gefen burugun. Duk yunƙurin da ta yi sai ta ƙara nutsewa, kuma kowane yunƙuri sai ƙirjinta ya kwantar da ciyawar da ke gabanta.

Bappa ya taho da sandarsa, ya cire malafa ya durƙusa. Ko a irin wannan hali tsohon bai iya tsallake gaisuwa ba.

"Sarki, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya zahin rana? Ya ƙoƙari da jama'a?"

Maiwada ya amsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan saniyar.

"Tawa ta, Sarki," in ji Bappa da ya gama. "Ƙamshin ɗanye taj ji, ta ƙwace muna daga mashaya. Ciki gare ta, ta kusa haihuwa. Wallahi kunyakka nika ji."

"Tashi, Bappa. Dabba ba ta san ɗauri ba. An gwada igiya?"

An gwada. Wani makiyayi ya sake wurgawa a gabansa, igiyar ta faɗi a taɓo nesa da ƙahon. Aka ƙulla biyu, nauyi ya hana ta tashi. Babu yadda za a yi sai mutum ya shiga ya ɗaura da hannu.

Nan Mamuda ya ratso taro. Ƙanen Maiwada ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙaƙƙarfa mai babbar murya, mai gida cike da ƴaƴa. Tun da aka ɗaure tafki shi ne bakin masu ƙorafi. A dandali, a kasuwar Bakura, har a wurin jana'iza, maganarsa ɗaya ce, wai shi bai taɓa ganin an tuƙa tuwo da burugu ba. Watanni ke nan gaisuwa kawai ke haɗa shi da wansa.

"Yaya," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "ga saniya can tana yi ma gonakka shara. Ai sai ka shiga ka hidda ta. Wa yaf fi ka sanin taɓon wurin?"

Aka yi dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta. Wasu suka sauke homa daga kafaɗa suka riƙe a hannu. Maiwada ya dubi ƙafafunsa, ya ga tsakaninsu da ruwa bai kai tsawon mashin ba, ya ja da baya.

Ya juya ga jama'a. "Akwai wanda zai shiga don Allah?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Can sai Falalu, wani dogon masunci mai saurin baki, ya ce, "A ƙone min homa don saniyar wani? In bar ma ɗiyana mi? Sarki, ƙahwakka ɗai muka jira. Ka taka, mu hidda saniya, mu hidda kihi, kowa shi huta."

"Gaskiya ta!" wasu suka amsa daga baya.

Maiwada ya ji motsi a gefensa. Bappa ne ya ajiye sanda yana tuɓe riga. Ya damƙe hannunsa.

"Ina za ka?"

"Ɓarnata ta, ni ka gyara ta."

"In ka shiga an ruhe ma ruga mashaya. Ina za ku kai garke cikin wanga zahi? Ba wani ruwa daga nan har Janbako. Kuma taɓon nan ba shi barin tsoho kamakka."

Bappa ya tsaya da riga a wuya. Ya dubi saniyar, ita ma ta juyo da kai ta yi wani kuka mai rauni, kamar ta san muryarsa. Sai tsohon ya ce, "To a bar ta ta mutu nan, Sarki. Na yahe ta."

Duk wanda ya san Bafillace da saniyarsa ya san abin da tsohon ya haɗiye kafin ya faɗi haka. Tausayi ya kama Maiwada har ya kasa dubansa. Amma ko wannan ba mafita ba ce. Kafin ta mutu sai ta turmushe rabin burugun, in ta mutu kuma mushenta ya ruɓe a ɗan ruwan da ya rage, ya kashe sauran tare da kifin.

Maigari Zubairu yana zaune a gindin gawo tun ɗazu, an shimfiɗa masa buzu. Mutum ne da ya daɗe a sarauta saboda ya iya barin magana ta wuce ta gefensa. Maiwada ya dube shi, shi kuma ya gyara rawani.

"Sarki, ruwa naka na. Mu ido munka zuba."

Rana ta ɗaga, zafi ya fara cizo. Saniyar ta tattara ƙarfinta ta yi wani yunƙuri, ƙafar gabanta ta fito ta faɗa cikin burugun, ta tumɓuko damƙa guda da saiwarsa, ta koma ta nutse fiye da da. Maiwada ya ji kamar a jikinsa aka fizge. Ya ga farar saiwar tana yawo a kan ruwa. Mutane suka matso, sahun gaba har yatsunsu na taɓa danshin gaɓa. In ya shiga, su ya buɗe. In bai shiga ba, saniya ta gama aikin kafin azahar. Zufa ta bi bayansa, hannunsa ya jiƙe a kan mashin.

Ya dubi mashin. Baƙin ƙarfe ne da ƙotar da hannuwa suka goge har ta yi santsi, daga kakansu zuwa ubansu zuwa shi. Wanda ke riƙe da shi, ƙafarsa ce ke buɗe su. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗaga kai ya nemi ƙanensa a cikin taro. A duk gidansu babu wani babban namiji da ya rage sai Mamuda. Da akwai wani, ko gurgu ne, da shi zai kira.

"Maigari, ranka shi daɗe, ka shaida. Jama'a ku shaida."

Hayaniya ta lafa.

"Ni Maiwada na sauka. Daga yanzu Mamuda na Sarkin Ruwa."

Ya taka ya kama hannun Mamuda ya danƙa masa mashin. Mamuda ya riƙe don kada ya faɗi ƙasa, bakinsa a buɗe.

"Yaya, mi ke nan?"

"Abin da kaj ji."

Maigari ya yi gyaran murya, ya duba hagu ya duba dama, bai ga hanyar da maganar za ta wuce ta gefensa ba. "Gidanku ɗai na, sarautakku ta. Na shaida."

Maiwada ya tuɓe riga ya ɗaura ƙarshen igiya a ƙugu. Sai a lokacin mutane suka gane. Ƙafarsa yanzu ƙafar talaka ce, ba ta buɗe komai. Zai shiga a matsayin mai karya ɗauri, tafki kuma yana nan a ɗaure, muddin sabon Sarki bai taka ba. Sabon Sarkin kuwa shi ne mutumin da ya shafe watanni yana cewa a kwance. Maiwada ya so ya ce masa wani abu, ya roƙe shi ko ya tuna masa ubansu, amma ya ga roƙo a gaban jama'a sai dai ya tunzura shi. Ya yi bismilla ya shiga.

Ruwan da ɗumi, taɓon ƙarƙashinsa da sanyi. Bai miƙe kai tsaye ba. Ya kewaya ta kudu don kada ya bi ta kan burugun, da taɓo ya kai cinya sai ya kwanta rub da ciki ya riƙa jan jiki, igiya na biye da shi. Bai waiwaya ba. Ya san in ya waiwaya ya ga ƙafar Mamuda a ɗage, ƙarfinsa zai ƙare nan take. Da kunne yake kallon gaɓa.

"Sarki Mamuda!" muryar Falalu ce. "Allah ya kawo mu! Taka, ranka shi daɗe!"

"Taka! Taka!"

Ihun ya tashi ya bi kan ruwa ya same shi. Ya ji ƙarar gora na bugun juna. Ya san ƙarar da ke biyo baya in su ya buɗe, wata irin rugugi ce ta ƙafafu da ruwa wadda ake ji har cikin gari. Kowane jan jiki da ya yi, jira yake ya ji ta. Tsoro ya cika shi, ba na taɓo ba, na ƙanensa.

Ya kai ga saniyar. Idonta ya yi jawur, numfashinta na fita da kumfa. Ya shafa wuyanta yana yi mata irin sautin da ya ji Bappa na yi, ya zagaya igiya a gindin ƙahoni ya ƙulle. Amma in aka ja ta haka wuyanta zai karye, sai an saki ƙafafun. Ya ja numfashi ya nutsa hannu har kafaɗa, fuskarsa rabi a ruwa, yana kwashe taɓo daga gefen ƙafar gaba don ruwa ya shiga ya sassauta riƙon.

A nan, kuncinsa a kan ruwa, ya ga cikin burugun, abin da bai gani ba tun ranar da ya ɗaure. Kowace gaɓa ta saki sababbin saiwoyi farare. Wasu rassan sun kwanta sun kama ƙasa sun tsiro da kansu a inda bai dasa ba. A tsakaninsu wani baƙin gungu yana motsi tare, ƴaƴan bargi ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Shekaru ke nan bai ga irinsu a tafkin nan ba. Murna ta taso masa tare da tsoron, har ya rasa wanne ya fi.

"Taka mana, Sarki! Mi kaka jira?"

Har yanzu babu rugugi. Ya koma ƙafar baya. Saniyar ta harba, kofato ya same shi a haƙarƙari, wuta ta gilma a idonsa, ya haɗiyi ruwan taɓo. Ya dafa bayanta har numfashi ya dawo, ya ci gaba da tono. Da ya ji ƙafar ta motsa, ya ɗaga hannu ya yi kira, "Ku ja! Sannu-sannu! Ta kudu!"

Makiyaya suka kama igiya. Su kaɗai ba su isa ba. Sai Maiwada ya ji muryar Mamuda, wannan babbar muryar, ta danne duk hayaniyar.

"Ku aje homa ku kama igiya! Falalu, da kai nika!"

Igiya ta miƙe. Taɓo ya yi wani tsotso mai ƙara, ya saki. Saniyar ta kwanta a gefe aka ja ta tana zamewa, Maiwada na riƙe da wutsiyarta yana karkatar da ita daga kore. Da suka kai gaɓa ta kwanta tana haki, Bappa ya faɗi a kanta yana share mata taɓo daga hanci da rigarsa, yana yi mata magana da Fillanci. Can ta durƙusa, ta miƙe tana tangaɗi.

Maiwada ya rarrafo ya zauna a busasshiyar ƙasa, baƙi ƙirin tun daga gashi har tafin ƙafa, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari. Ya dubi burugun. An ci gefe guda, amma mafi yawansa na tsaye. Ya dubi ƙafafun Mamuda, ya ga ƙura ce a kansu.

Mutane suka koma suka ɗauki homarsu. Ba su watse ba. Saniya ta fita, amma yunwa tana nan, kuma yanzu ido duka ya koma kan sabon Sarki.

Mamuda ya zo ya tsuguna dab da wansa, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu.

"Yaya, ka san abin da kaj jawo ma kanka?"

"Na sani."

"In tabki na ɗaure, dole in ƙone homakka. Dole in raba ka da ruwan ga har ka mutu. Ni, da hannuna. Amma in nit taka yanzu, kowa ya shiga, wa zai tuna wa yar riga wa? Maigari ba shi tada maganar. Ba laihi, ba hukunci. Gobe in maido ma mashinka."

Maiwada ya dube shi. Idon Mamuda cike yake da hawaye. Duk tsawon lokacin da yake cikin taɓo, tsoron haushin ƙanensa yake ji. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ƙaunarsa ce za ta fi zama haɗari ba. Kuma maganar ta shige shi. A tafkin nan aka koya masa iyo, a nan ya kama kifinsa na fari, bai san wata sana'a ba, bai san wani wurin zama da hantsi ba. Abin da ake ce masa kawai ya yi shiru ya bar ƙafa ɗaya ta taɓa ruwa.

"Mamuda," ya ce, "burugun ya kama. Ya hwara yaɗuwa da kainai. Akwai ɗiyan bargi a ciki, na gane su da idona."

"Bargi?"

"Bargi."

Mamuda ya juya ya daɗe yana kallon koren nan. Shi ma masunci ne, ɗan masunci, ya san abin da hakan yake nufi.

"Aika a ɗauko homata," in ji Maiwada.

Ba a kai ga aikawa ba. Batulu tana bayan taro tare da mata tun lokacin da ya miƙa mashin, kuma ta zauna da mutumin nan shekarun da suka isa ta san ƙarshen zancensa tun bai fara ba. Ta riga ta je gida ta dawo. Ta ratso maza da homar a hannu, ta ajiye a gaban Mamuda ba tare da ta dubi kowa ba, ta koma.

Mamuda ya miƙe. Ya share fuska da hannun riga, ya buga gindin mashin a ƙasa.

"Jama'a, tabki na ɗaure. Shina ɗaure har ruwa shi zo. Maiwada ya shiga ruwa ɗaurarre, kowa ya gani. A kawo wuta."

"Haba Sarki!" in ji Falalu. "Kai da bakinka kac ce…"

"Na ce. Yanzu ga abin da nika cewa. Wanda duk ka son homatai ta bi wagga, ga ruwa nan, shi shiga."

Ba wanda ya motsa. Mutumin da zai ƙone homar wansa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta wani ce za ta gagare shi ba. Aka kawo garwashi a kasko daga ruga. Mamuda ya tara busasshiyar ƙaya ya ɗora homar a kai, ya hura da bakinsa. Zaren ya kama nan da nan, itacen ya ɗan jima yana hayaƙi kafin ya ci. Bappa ya rufe fuska da malafa. Maiwada ya kalli wutar har ta cinye, abin ya yi masa ciwo fiye da haƙarƙarin, kuma bai ɓoye ba, hawaye suka wanke layi biyu a taɓon fuskarsa.

Mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, homa a kafaɗa, wasu na gunaguni, wasu shiru. Maigari ya sa aka naɗe buzunsa. Makiyaya suka kora jar saniya, biyu daga cikinsu suka tsaya gyara shingen ƙaya ba tare da an sa su ba.

Taɓo ya fara bushewa a jikin Maiwada yana ja masa fata. Ya miƙe da ƙyar, ya nufi bakin ruwa ya sunkuya zai ɗibo ya wanke fuska, kamar yadda ya yi duk tsawon rayuwarsa. Hannunsa bai kai ba ya ga ƙotar mashi ta gitta a gabansa.

Mamuda ne. Bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ba nan ba, Yaya. Tahi rijiya."

Maiwada ya tsaya a sunkuye, hannunsa a miƙe. Sannan ya janye shi a hankali, ya gyaɗa kai.

"To, Sarki," ya ce.

Ya ɗauki rigarsa a hannu, ya bi hanyar gari da taɓon a jikinsa.